Yadda Ake Ƙiyasta Shekarun Tsohuwar Takarda Marar Kwanan Wata

Birnin Sakkwato gari ne na takarda da tawada. Tun daga shekarar 1809 da Muhammadu Bello ya kafa shi malamai suke wallafa littattafai a cikinsa, almajirai suna kwafewa, fada kuma tana aikewa da wasiƙu gabas da yamma. Saboda haka a gidaje da yawa na birnin, daga kewayen Hubbaren Shehu har zuwa unguwanni irin su Gidan Dare, akan sami wata gafaka ko akwatin ƙarfe da aka gada, cike da warƙoƙi na Larabci da ajami, da tsofaffin rasidai, da takardun shaida, wani lokaci har da kan sarki da takardun kuɗin da aka daina karɓa. Mafi yawansu ba su ɗauke da kwanan wata. In aka tambayi mai su, sai ya ce ai tun zamanin Shehu suke, hujjarsa kuma ita ce sun yi ja sun tsufa.

Tambayar tana da nauyi. Ga masanin tarihi, kwafin da aka yi a zamanin mawallafi ya fi wanda aka yi bayan shekara ɗari daraja, domin kowane mai kwafa yakan bar nasa kuskuren a kan na wanda ya gabace shi. Ga magada kuma, rashin sani yakan sa a sayar da abu mai tsada a banza, ko a bar wa gara warƙar da ta fi kowace tsufa don kawai an gan ta fara tas, a killace wadda ba ta kai ta ba. Kimiyya ba ta da na'urar da za a saka takarda a ciki ta faɗi ranar da aka rubuta ta. Abin da take da shi shi ne shaidu iri-iri, kowace tana kafa iyaka guda, har a ƙuntata lokacin zuwa tsakanin shekara kaza da shekara kaza.

Launi da zare

Ya kamata a fara da kawar da hujjar launi, domin ita ce ta fi yaudarar mutane. Takarda ba kome ba ce illa zaruruwan tsiro da aka dake a ruwa, aka shimfiɗa su suka bushe a manne da juna. Jigon waɗannan zaruruwa wani sinadari ne da ake kira selulos, wanda tsirrai ke gina bangon ƙwayoyin halittarsu da shi. Zaren auduga kusan kashi 90 cikin ɗari selulos ne. Itace kuwa bai wuce kashi 40 zuwa 50 ba, kuma yana ɗauke da kashi 20 zuwa 30 na wani sinadari mai suna lignin, wanda shi ne ke ba wa itace tauri har ya tsaya cak. Lignin ba ya jure wa haske da iska. Da zarar sun daɗe suna taɓa shi sai ya rikiɗe ya yi ruwan ƙasa, ya kuma haifar da asid mai tsinka selulos gunduwa-gunduwa.

Tun daga lokacin da sana'ar takarda ta baro ƙasar Sin, ta biyo ta Samarƙandi da Bagadaza a ƙarni na 8 har ta isa Turai, da tsummokara ake yin ta, wato tsofaffin tufafin kittani da na auduga da igiyoyi. Irin wannan takarda ba ta da lignin sai ɗan abin da ba a rasa ba, sa'an nan akan tsoma ta cikin danƙon da aka dafa daga fata da ƙashi don kada tawada ta jiƙe ta bazu. Sai a shekarar 1844 wani Bajamushe, Friedrich Keller, ya ƙirƙiro injin niƙa itace a yi takarda da shi, kuma abin bai game kasuwa ba sai wajen shekarun 1860 da 1870. Kafin wannan ma, tun 1807 an fito da dabarar maye gurbin danƙon fata da ƙaron itacen fayin haɗe da alif, haɗin da ke barin asid a jikin takarda. Sakamakon haka shi ne, warƙar da aka yi a 1820 tana iya kasancewa fara mai laushi har yau, alhali littafin makaranta na 1960 ya yi ja yana karyewa kamar busasshen ganye.

Malamin makaranta na iya nuna wa ɗalibansa wannan cikin mako guda. A sami guntun jarida da guntun farar takardar rubutu mai kyau, a rufe rabin kowanne da kwali, a ajiye su a rana. Rabin jaridar da ke buɗe zai yi rawaya ƙwarai, ɗayar kuwa da ƙyar za a ga bambanci. Wurin ajiya ma yana da nasa tasirin. Zafi yana gaggauta aikin sinadarai, har yawancinsu sukan ninka sauri in zafi ya ƙaru da digiri 10. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, takardar da ta kwana shekara talatin a ƙarƙashin rufin kwano za ta fi wadda ta yi shekara ɗari a cikin soron ƙasa nuna tsufa. Ɗigo-ɗigon jan da ake gani a wasu warƙoƙi kuwa aikin funfuna ne da ɓurɓushin ƙarfe, kuma labarin damina suke bayarwa, ba na shekaru ba.

Shaidar da ta fi launi ƙarfi tana cikin zaren kansa, kuma madubin likita na ɗakin gwaje-gwajen sakandare ya isa ya nuna ta. Ana ɗaukar ɗan ɓurɓushin da ya riga ya faɗo a gindin gafaka, a warware shi cikin ɗigon ruwa a kan gilashi. Zaren auduga yana fitowa a baje, a murɗe kamar rawanin da aka matse. Na kittani miƙaƙƙe ne mai gaɓoɓi irin na karan dawa. Na itacen fayin kuwa faffaɗa ne mai jerin ƙananan ramuka zagayayyu, waɗanda ta cikinsu ruwa ke ratsawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya lokacin da itacen yake raye. Akwai kuma wata ciyawa ta Arewacin Afirka da Sifen, mai suna halfa, wadda masana'antun Ingila suka fara amfani da ita sosai daga wajen 1860, ana gane ta da wasu 'yan mitsitsin gasu masu siffar waƙafi. In an ɗiga ruwan gwaji na Herzberg, wanda aka haɗa da aidin, zaren tsumma yakan yi ja, na itacen da aka dafa da sinadari ya yi shuɗi, na niƙaƙƙen itace ya yi rawaya. Duk takardar da aka ga zaren itace a cikinta, to ba hannun Shehu Usmanu ne ya taɓa ta ba, domin ya rasu a 1817, haka ma Sarkin Musulmi Bello da ya rasu a 1837.

Tambarin da ba a gani sai da haske

In aka ɗaga tsohuwar warƙa aka sa haske a bayanta, za a ga wasu siraran layuka a jere kusa da juna, da wasu 'yan kaɗan da suka gitta su, tsakanin kowanne da na kusa da shi kamar santimita biyu zuwa uku. Waɗannan sawun rariyar waya ce da ake kamfato dakakken tsumma da ita. A kan rariyar masu sana'ar sukan ɗinka wata siffa da lanƙwasasshiyar waya, sai takarda ta yi sirara a daidai wurin, siffar ta fito. Wannan shi ne tambarin ruwa. A garin Fabriano na ƙasar Italiya aka fara shi, wajen shekarar 1282. Wani mutumin Siwizalan, Charles Briquet, ya tattara fiye da tambura 16,000 daga takardu masu kwanan wata, ya buga su a 1907, aka sami abin da za a riƙa gwada marasa kwanan wata da shi. Dabarar tana aiki ne saboda rariya ba ta daɗewa, cikin 'yan shekaru take lalacewa a ɗinka sabuwa, kuma ba a taɓa lanƙwasa waya sau biyu ta fito iri ɗaya sak ba.

Tambarin da ya fi yawa a littattafan ƙasar Hausa shi ne jinjirin wata uku a jere, daga babba zuwa ƙarami. Masana'antun arewa maso gabashin Italiya ne suke yin wannan takarda musamman don kasuwannin Musulmi, ana ɗauko ta a jirgin ruwa zuwa Tarabulus da Alƙahira, daga can ayarin raƙuma su ratso Sahara da ita ta Gadamas da Gat da Agadas zuwa Kano da Katsina. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851 ya kuma zo Sakkwato a 1853, ya ambaci takarda mai wata uku cikin hajojin da ake shigowa da su Kano da yawa, har ana naɗe tufafin saƙi da ita. Sai dai kuma wata ukun shi kaɗai ba ya faɗin shekara, domin an yi ƙarnuka ana amfani da shi, kuma masana'antu da dama sun yi tarayya a cikinsa. Abin da ake nema shi ne abokin tambarin, wanda ke ɗaya rabin takardar, inda mai masana'anta ke sa sunansa ko haruffan farkon sunansa. Wanda aka fi cin karo da shi a Arewacin Nijeriya shi ne na gidan Galvani da ke kusa da garin Pordenone. Haruffan VG na Valentino Galvani sun gabaci AG na Andrea Galvani, wanda ya rayu daga 1797 zuwa 1855. Amma magadansa sun ci gaba da buga sunansa shekaru masu yawa bayan rasuwarsa, har cikin ƙarni na 20, don sunan ya riga ya karɓu a kasuwa. Wanda ya ga AG ya ce lalle takardar ta riga 1855, ya yi gaggawa.

Akwai wata wahalar kuma. An ƙirƙiro injin yin takarda a Faransa a 1798, aka kyautata shi a Ingila a farkon ƙarni na 19, kuma daga shekarun 1820 aka sami wani abin birgima da ke danna layukan rariya da tambari a kan takardar inji tun tana ɗanya, ta fito kamar ta hannu. Ana rarrabe su da gilashin ƙara girma. Zaruruwan takardar hannu a warwatse suke ta kowace fuska, kaurinta ma bai daidaita ba, na inji kuwa sun fi kwantawa ta fuska guda, tambarinta kuma kowace warƙa iri ɗaya ne ba sauyi. Michaelle Biddle, wadda ta yi nazarin tambura da tawadar littattafan Arewacin Nijeriya, ta nuna muhimmancin auna waɗannan ƙananan abubuwa maimakon dogaro da siffar tambari kawai. Takardar Ingila, wadda ta yawaita bayan Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, da kuma bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta fi sauƙin sha'ani, domin tun daga wata doka ta 1794 masana'antun can suka saba sa shekara a cikin tambarinsu.

Littattafan ƙasar nan ba a ɗinke su, warƙoƙi ne sake a tsakanin bango biyu. Wannan ya sauƙaƙa ɗaga kowace a duba, amma kuma ya sa in wata ta ɓace ko ta ci wuta, jikan mai littafin yakan sake rubuta ta a sabuwar takarda ya cusa. Don haka littafi guda na iya ƙunsar zamani biyu ko uku, kuma wajibi ne a bi shi warƙa-warƙa. Tun da ninke babbar takarda ake yi a yanka, sau da yawa rabin jinjirin wata kawai za a gani a gefe.

Abin da rubutun ke faɗa

Tawadar gargajiya ba ta cika taimakawa ba, saboda ba ta sauya ba. Ta gawayi da ƙaro, da ta bagaruwa wadda ake haɗawa da ƙarfe ta yi baƙi sa'an nan ta koma ruwan ƙasa, duk ana dama su yau kamar yadda ake yi shekara ɗari biyu da suka wuce. Baƙuwar tawada ce ke tona asiri. Rinin kanti na farko da aka haɗa da sinadari ya fito ne a Ingila a 1856, biro kuma bai shiga kasuwa sosai ba sai 1945.

Wasu mawallafa sukan ɓoye shekara a cikin ramzi, wato kalmar da in aka tara lambobin haruffanta sai ta ba da shekarar Hijira. Alal misali shinun 1000 ne, ra'un 200, lamun 30, ba'un 2, jimla 1232, shekarar rasuwar Shehu. Don mayar da ita ta Miladiyya sai a riɓanya da 0.97 a ƙara 622, a sami 1817. A nan akwai tarko biyu. Na farko, lissafin Magarib ake bi a wannan yanki, a lissafin Gabas kuwa shinun 300 ne, wanda ya bi shi zai sami 532, ya ɓata da shekara 700. Na biyu ya fi haɗari: mai kwafa yakan kwafe shekarar mawallafi tare da sauran matani. Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, kuma kwafin da aka yi a 1930 zai iya ɗaukar wannan shekarar a ƙarshensa ba tare da niyyar yaudara ba.

Sunaye da sarautu sun fi aminci. Wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Waziri Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927, galibi ba su da kwanan wata, amma ana gane lokacinsu ta mai aikawa da wanda aka aika wa. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya yi sarauta daga 1891 zuwa 1902, Sarkin Kano Alu kuma daga 1894 zuwa 1903, saboda haka wasiƙar da ta shiga tsakaninsu ba ta fita daga 1894 zuwa 1902 ba. Haka nan addu'ar da ke bin suna tana nuna ko mutumin yana raye ko ya riga mu gidan gaskiya lokacin rubutun.

Takardun ɗab'i da na ofis sun fi kowanne sauƙi. Farashin da aka rubuta da fam da sule ya riga 1 ga Janairu, 1973, ranar da naira ta fito. Takardar da ta ce Jihar Arewa maso Yamma tana tsakanin 1967 da 1976. Wadda ta ce Jami'ar Sakkwato tana tsakanin 1975 da 1988, lokacin da aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Littafin da kamfanin Gaskiya na Zariya ya buga bai riga 1945 ba, na NNPC kuma bai riga 1966 ba. Kan sarki mai sunan Arewacin Nijeriya ita kaɗai an fara shi a 1900, aka daina bayan haɗewar 1914.

Shaida mafi ƙuruciya ke yanke hukunci

A ƙaddara wani magidanci a Gidan Dare ya gaji kwafin Bayanu Wujubil Hijra na Shehu, wanda aka wallafa a 1806, kuma shekarar tana rubuce a ƙarshe. An ɗaga warƙoƙin an ga wata uku da haruffan AG, wannan ya ture 1806 gefe. An duba zare an ga na itace gauraye da na tsumma, iyaka ta matso zuwa ƙarshen ƙarni na 19. A bangon kuma mai littafin na farko ya rubuta haihuwar ɗansa a zamanin Sarkin Musulmi Hassan, wanda ya yi sarauta daga 1931 zuwa 1938. Hukuncin da ya dace shi ne an yi kwafin tsakanin wajen 1870 da 1938. Ƙa'idar ita ce kowace shaida ta jikin takarda tana cewa "ba kafin shekara kaza ba", kuma wadda ta fi kusa da yau ita ake bi. Tsohuwar takarda na iya jira a yi rubutu a kanta daga baya, sabuwar takarda kuwa ba ta komawa baya.

Da wannan ƙa'ida aka kama ɗaya daga cikin manyan jabun ƙarni na 20. A 1983 mujallar Stern ta Jamus ta biya fiye da mak miliyan 9 don sayen kundayen da aka ce Hitler ne ya rubuta su da hannunsa. Da aka gwada su sai aka sami sinadarin ƙara wa takarda fari, wanda masana'antu ba su fara sa shi ba sai wajen 1950, bayan mutuwarsa a 1945. Mai jabun ya shafa wa takardun ruwan shayi don su yi kama da tsofaffi. Wannan sinadari yana ƙyalli shuɗi a ƙarƙashin irin fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita, kuma kowa na iya gwadawa a ɗaki mai duhu. Ƙyallin yana tabbatar da sabunta, rashinsa kuwa ba ya tabbatar da tsufa, don har yau ana yin takardun da ba a sa musu shi.

Ɗalibai sukan tambaya me ya hana a yi amfani da gwajin kabon-14 a huta. Tsiro yana shaƙar wannan kabon daga iska muddin yana raye, in ya mutu sai ya fara raguwa, rabinsa na ƙarewa cikin shekara 5,730. Da shi ne aka auna warƙoƙin Alƙur'ani na Jami'ar Birmingham a 2015, aka sami tsakanin 568 da 645, kuma wannan lokacin mutuwar dabbar da aka yi warƙar da fatarta ne, ba na rubutun ba. Matsalar ita ce yawan kabon-14 a iska ya yi ta hawa da sauka tsakanin 1650 da 1950, ta yadda awo guda kan dace da shekaru da dama masu nisa da juna, kuma a daidai wannan tazarar kusan dukan littattafan Sakkwato suke. Ga tsada, ga shi dole a yanki wani ɓangare a ƙona. Bayan 1955 ne kawai gwajin ya koma mai kaifi, saboda gwaje-gwajen bam na nukiliya sun kusa ninka kabon-14 na iska a wajen 1963.

Saboda haka tambari da zare da sunaye su ne abin dogaro, kuma amfaninsu yana ƙaruwa ne gwargwadon yawan takardu masu tabbataccen kwanan wata da ake da su don gwadawa. Irin waɗannan suna ajiye a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Kafin a kai takarda can, kada a jiƙa ta, kada a goge ta, kada a liƙa mata salatif ko a kai ta a manne ta cikin leda da zafi, kuma kada a sauya jerin warƙoƙin. Ya isa a ɗora kowace a kan gilashi, a sa tocila a ƙasa, a ajiye ma'auni a gefe, a ɗauki hotonta da waya, sa'an nan a rubuta a wata takarda dabam sunan wanda aka gada daga gare shi da inda ya yi karatu.